Yadda Muka Kai Yaya Habu Kano Saboda Barcinsa

Mu uku ne muka yi wannan tafiya. Akwai yayana Habu, babban ɗan Malam Sale mai haƙar rijiya, wanda dominsa aka tashi. Akwai Illa, ɗan Goggo Hajo ƙanwar mahaifinmu, wato taubashinmu ke nan, dillalin awaki a kasuwar Belbeji. Sai ni Lawali, autan gidan, wanda bai daɗe da gama jami'a a Yamai ba, yana zaman jiran aiki. Tun da muka dawo abokai suka dame ni da tambayar yadda Kano take da abin da likita ya ce. Na gaji da maimaitawa a bakin kasuwa, inda ake katse ni kafin in kai tsakiya, shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki.

Dole in fara da dalilin tafiyar. Sana'ar gidanmu haƙar rijiya da yasarta, kuma wanda ya san ƙasarmu ta Damargu ya san rijiyarmu ba ta wasa ba ce. Akan ɗaure mutum da igiya a zura shi har waɗanda ke sama su daina ganinsa, ba abin da ya haɗa shi da duniya sai jan igiyar nan. Yaya Habu ne ya gaji hannun Baba, kuma tun daga Gangara har arewacin Belbeji ba a kawo sunan wani kafin nasa. Amma tun yana saurayi yake da abu biyu. Na farko barci ne mai kama shi da rana tsaka, ko yana cin tuwo, ko yana tsakiyar magana. Na biyu ya fi ban mamaki: in dariya ta kama shi da ƙarfi sai gwiwoyinsa su saki, haɓarsa ta faɗi, ya zube ƙasa, yana jin duk abin da ake faɗa amma ba ya iya ɗaga ko yatsa, can kuma ya miƙe garau. An ce lalaci ne, an ce iska ce, an sha rubutu, an yi hayaƙi.

Bayan girbin bara ya shiga yasar wata rijiyar Fulani, sai igiya ta yi shiru. Aka kira, ba amsa. Da aka jawo shi sai aka tarar barci ne ya ɗauke shi a jingine da bango, ruwa har gwiwa. Ranar Baba ya ce ba zai sake shiga rijiya ba sai likita ya faɗi ko mene ne. A Tanut aka ba shi maganin zazzaɓi. A Damagaram aka auna jininsa ana neman ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa, alhali ƙasarmu ba ta san ƙudan nan ba, da ba a ga komai ba aka ce a gwada Kano, inda akwai likitan ƙwaƙwalwa. Ana cikin haka wasu Buzaye suka zo neman a haƙa musu sabuwar rijiya da rani, aikin da ya fi duk wanda aka taɓa ba gidanmu girma. Baba ya ce in likita ya wanke Habu, aikin nasa ne. In bai wanke shi ba, za a bar wa wani gida, shi kuma ya yi sallama da igiya. Aka sayar da raguna biyu don guzuri.

Goggo Hajo ce ta dage a tafi da Illa, wai ya san Kano domin ya taɓa raka awaki can. Na yi bayani cikin ladabi cewa mutumin da dariya ke kayarwa bai kamata a haɗa shi tafiya da taubashinsa ba, wanda al'ada ta ba izinin tsokanarsa daga safe har dare, kuma wanda tun suna yara ya mai da kayar da Habu abin yinsa na nishaɗi. Aka ce in yi shiru, boko ne ke damuna.

Ranar kasuwar Belbeji muka hau wata babbar mota, a kan buhunan hatsi da ɗaurin fatu. Ba mu bar gari ba Yaya ya fara gyangyaɗi, sai na kwance rawaninsa na ɗaure shi da ƙarfen motar don kada ya faɗa. Illa ya dubi wannan ɗauri, ya sassauta murya, ya shaida wa fasinjoji cewa wani babban malami ne muke rakiya, ba barci yake yi ba, halwa ce, kuma ba a tashinsa. Wata tsohuwa Bafillatana ta rarrafo kan buhuna ta zuba masa dabino a cinya, ta roƙi a sa jikanta cikin addu'a. Na buɗe baki in gyara zancen, Illa ya ce mata kada ta kula ni, ɗalibin malam ne da karatu ya taɓa wa kai. Da Yaya ya farka ya ga dabino, ya ga tsohuwa durƙushe tana jiran albarka, ya gane aikin wane ne, sai ya fashe da dariya, ya sulale cikin ɗaurinsa. Ƙafarsa ta ture butar shayinmu ta faɗa cikin rairayi, direba kuwa bai tsaya ba. Tsohuwa ta ce lalle ta ga ikon Allah.

Kafin Gangara motar ta kafe cikin yashi har sau uku. A nan ne kawai na ga Yaya ya sake, domin da ya karɓi shebur daga hannun yaran mota sai kowa ya ja baya yana kallo. Da muka koma sama ya ce da ni a hankali, mutumin da ke iya wannan aiki ba marar lafiya ba ne, in tuna da haka in mun je gaban likita. 

A Damagaram muka kwana a tasha, muka ci tuwon da aka tsinka miyarsa da ruwa har ana ganin gindin kwano. Da safe muka shiga ƙaramar mota mai zuwa Kano ta Matamai, aka ɗaure buhun guzurinmu a samanta, wanda ke ɗauke da kilishi da cuku da garin fura da Goggo ta daka da hannunta.

A kan iyaka aka sauke mu, aka jera mu gaban wani ma'aikaci mai duba takardu. Na shirya komai tun a gida, na kuma gargaɗi mutanena cewa kowa ya amsa abin da aka tambaye shi kawai. Ma'aikacin ya tambayi Yaya sunansa, ya faɗa. Ya tambaye shi garinsu, ya faɗa. Ya tambaye shi sana'arsa, kafin ya buɗe baki Illa ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Barci, ranka ya daɗe. Gadon gidansu ne, su ake kira in an rasa mai yi." Yaya ya yi ƙoƙarin haɗiye dariyar, na ga wuyansa yana motsi, amma ta fi ƙarfinsa. Ya zube a gaban teburin kamar an yanke igiyar buhu.

Ban ga laifin ma'aikatan ba. Mutum ƙato ya faɗi a gabansu ba dalili, dole su yi zaton ko maye ne ko wata annoba muke shirin shigar musu da ita. Aka ware mu gefe ƙarƙashin wata bishiya, aka ce sai mai duba lafiya ya zo, shi kuwa ya tafi sallar Juma'a wani gari. Na yi bayani da Hausa, na yi da Faransanci, na haɗa da ɗan Ingilishin da na koya a makaranta. Direbanmu ya jira iyakar haƙurinsa, sannan ya tafi da sauran fasinjoji, da buhunmu a saman motarsa. Da la'asar mai duba lafiya ya zo, ya leƙa idon Yaya, ya sa shi ya fito da harshe, ya ce mu wuce.

A ƙarƙashin bishiyar nan na sa Illa ya rantse da Allah cewa ba zai ƙara yi wa Yaya wasa ba har mu koma gida. Ya ce hakkinsa ne na taubashi, ko alƙali ba ya hana shi. Na ce to ya juya daga nan. Ga mamakina Yaya ya goyi bayana da ƙarfi, har ya ce a ƙara da cewa ko murmushi kada ya yi masa. A lokacin na ɗauka kunyar faɗuwa ce ta ishe shi. Illa ya rantse, ya kumbura fuska, a haka muka hau wata motar har Daura.

A Kano muka sauka a unguwar Fagge, gidan wani Alhaji ɗan Damagaram mai saukar da fatake. Mutumin kirki ne, ya ba mu tabarma a zaure tare da wasu masu sayar da kanwa. Ga masu tambayata yadda garin yake, abin da zan ce shi ne mutanensa sun ɓata da rana. A wurinmu rana ce ke kwantar da mutum ta kuma tashe shi. Ana yin isha'i gari ya yi tsit, kafin asuba an ji ƙarar taɓarya da turmi, in rana ta take kowa ya nemi inuwa ya ɗan runtsa. Su kuwa sun rataya fitilar lantarki a kowace ƙofa, rediyo na kuka, masu shayi na kiran ciniki, ba a san lokacin da jiya ta ƙare yau ta fara ba. Ni da nake da lafiya ban sami barcin kirki ba duk zamanmu, wanda muka kawo neman magani kuwa ya yi shi a masallaci, ya yi shi a cikin bas, ya yi shi a tsaye jingine da shagon mai gurasa.

Shayinsu ma abin a faɗa ne. Mu mun saba a zauna a dafa shi a kan gawayi, a sha ɗan kofi na fari da na biyu da na uku ana hira. Su kuwa kofi guda ne kamar na wanka, a cika shi da madara, a miƙa maka da guntun burodi, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Gaisuwa kuma ba ta wuce kalma biyu, kana cikin tambayar mutum iyalinsa ya riga ya tsallaka titi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne Hausarsu. Na zo da zaton zan sha ta daga tushe, sai na tarar a asibiti da tasha ba a gama jimla sai an cusa mata Ingilishi, kamar yadda namu ma'aikatan ke cusa Faransanci. Da na yi musu tsantsarta sai wani ya tambaye ni ko a gidan rediyo nake aiki.

Zuwanmu na farko babban asibiti ya tashi a banza. Na bar su biyun a kan benci na tafi layin yankar kati. Kafin in dawo an kira sunan Yaya har an gaji, yana barci, Illa na zaune kusa da shi yana kallon silin. Na tambaye shi me ya hana shi tashinsa. Ya ce shi bai san yadda ake yi wa Habu magana ba tare da wasa ba, tun da aka haife shi bai taɓa gwadawa ba, kuma ba zai yi kaffara saboda ni ba. Aka ce mu dawo wani mako. Kuɗin abinci ya ja baya, muka koma garin rogo da ƙuli-ƙuli, abincin da cikina bai yafe mini ba har yau.

Ranar da muka sami ganin likita na gane dalilin da ya sa Yaya ya so rantsuwar nan. Ya cika baki da goro tun safe, ya zauna a gaban likita ƙyam kamar soja. Likitan mutum ne mai natsuwa, ba tsoho ba, yana jin Hausa sosai. Duk abin da ya tambaya sai Yaya ya rage shi. Barcin rana? Gajiyar aiki ce, kowane mai haƙa yana yi. Faɗuwa? Santsi ne ya taɓa kwashe shi. Na ce ba haka ba ne, na kwatanta abin da na sani tun ina yaro. Yaya ya ce ni yaro ne, rabin rayuwata a makaranta na yi ta, ban san komai na gida ba. Likita ya ƙwanƙwasa masa gwiwa, ya haska idonsa, ya sa shi ya yi tafiya a kan layi, bai ga komai ba. Ya ce maganar gaskiya, da mai ciwo yana musu, ga jiki lafiya, shi kuma bai ga faɗuwar da idonsa ba, abin da zai iya rubutawa shi ne a huta a ci abinci mai kyau. Na ga fuskar Yaya ta washe. Na dubi Illa, wanda kalma ɗaya tasa ta isa ta warware zancen, ya kau da kai, ya nuna sama da yatsa, wato rantsuwa.

Har likita ya ɗauki alƙalami, sai ya ce bari ya yi tambaya ta ƙarshe: a cikin dangi akwai wani mai irin wannan? Yaya ya ce babu. Ni ma na ce ban sani ba, domin da gaske ban sani ba. Sai Illa ya gyara zama, ba da wasa ba, da niyyar taimakon Yaya ma ya yi, ya ce ai wannan ba ciwo ba ne da za a wahalar da mutane har Kano. Kakanmu an ce a kan raƙumi yake barci, raƙumin ya kai shi gida. Innarsa ma, wato Goggo Hajo, ba a ba ta ƙwaryar nono ta riƙe in ana hira, domin da ta yi dariya hannunta ke saki, ta fasa ƙore ba adadi, kuma ga ta nan garau tana daka.

Likita ya ajiye alƙalami. Ya tambayi yadda Goggo take da Baba, aka ce wa da ƙanwa ne, ciki ɗaya. Ya ce akwai wani ciwo da ake kira narkolefsi, wanda a cikinsa abin da ke raba barci da farke a ƙwaƙwalwa ba ya riƙewa da kyau, sai barci ya kutso cikin rana, sakin jikin da mai mafarki ke yi kuma ya auko wa mutum ido biyu in ya yi dariya. Ya ce ba a gama sanin sababinsa ba, kuma yawancin masu shi ba su gaje shi ba, amma akwai gidajen da yake bi, ya kama wannan ya tsallake wancan. Sannan ya dubi Illa ya ce, ashe kai ma gidanku ne.

Illa ya ce, "A'a likita, gyara. Gidansu dai. Ni ɗan mace ne, jinin ubana nake ɗauke da shi, mu mahauta ne, ba ruwanmu da su."

Likita ya ce wannan lissafin zumunta ne da rabon gado, amma jiki bai san shi ba. Rabin mutum daga uwa yake, daidai da na uba, ba ragi. Abin da Habu ya samu daga kakan nan ta wajen ubansa, shi ma yana iya samunsa ta wajen uwarsa, ko 'ya'yansa su samu.

Illa ya ɗaga hannuwansa biyu yana dubansu, ya taɓa gwiwarsa, sannan ya tambaya da ƙaramar murya ko gyangyaɗin da yakan yi bayan cin tuwo yana cikin lissafi. Shekara da shekaru yana kiran gidanmu gidan barci a gaban jama'a. Yaya ya dube shi, ya ce, "Sannu ɗan gida," sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Goro ya faɗo daga bakinsa, kansa ya rusuna, ya sulale daga kujera zuwa ƙasa. Likita ya durƙusa kusa da shi, ya ɗaga hannunsa ya saki, ya ƙwanƙwasa gwiwar da ɗazu ta harba, yanzu ba ta motsa ba. Ya ce masa in yana ji ya motsa ido, ya motsa.

Da ya miƙe likita ya yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye. Ciwon ba ya kisa, ba hauka ba ne, ba farfaɗiya ba ce, amma ba a warkewa. Akwai ƙwayoyin da ke rage shi, kuma in ya tsara ɗan barci da rana a kan lokaci zai ji dama. Zai iya noma, zai iya kiwo, zai iya ciniki. Amma kada ya tuƙa mota, kada ya hau bisa, kada ya shiga rijiya, kada ma ya tsaya a bakinta. Yaya ya ce ai a cikin rijiya ba mai ba shi dariya. Likita ya ce barcin ba ya jiran dariya, kuma ya riga ya same shi a can sau ɗaya.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Illa ya riƙe rantsuwarsa ba tare da an tuna masa ba, yana ta mutsuke ido kada a ga ya yi gyangyaɗi. A Bakin Birji, muna jiran motar Belbeji, Yaya ya ja ni bayan wata rumfa. Ya ce Baba ba ya karatun boko, abin da na faɗa masa shi ne abin da likita ya ce. In nuna masa ƙwayoyin, in ce an ba da magani, in tsaya nan, ba ƙarya a ciki. Ya ce rijiyar Buzayen nan kaɗai yake so ya haƙa, bayanta ya bari da kansa. Ya ce bai iya komai ba sai wannan, kuma da kuɗin igiyar nan aka saya mini takalmin zuwa makaranta.

Na ce, "Yaya, ka yi mini gafara. In Baba ya tambaye ni, zan faɗa masa duka."

Baba ya tambaye ni a daren da muka iso, a gaban Yaya, na kuwa faɗa masa duka, ban ƙara ba, ban rage ba. Da na gama ya ce da safe a aika wa Buzaye su nemi wani gida. Goggo Hajo kuma ta yi fushi da mu ukun, wai mun je har wata ƙasa mun tona mata asiri a gaban baƙo.

Abin da tafiyar ta ci ke nan: raguna biyu, butar shayi ɗaya, buhun guzuri ɗaya, rijiyar Buzaye, sana'ar Yaya Habu, da gaisuwar da yakan amsa mini da safe.